"To" ɗin da ƙanwata ta faɗa a tsakar gida

Na daɗe ina son rubuta wannan abun na bada ƙoda da ya faru a gidanmu amma sai da na nemi izinin mai shi tukuna, tace in rubuta amma kar in kama suna. 'Yar kawuna ce, ni dai ƙanwata nake ce mata, ita kuma Ticha take kirana kamar kowa a gidan saboda ina koyarwa a wata makaranta nan Asawase, cikin Kumasi a Ghana. Shekarunta 26, tela ce, tana da ɗan shago a Aboabo, keke biyu da yarinya ɗaya mai koyon aiki, kuma lokacin da abun ya taso an riga an kawo goron gaisuwarta ana maganar sa rana.

Yayanta da suke ciki ɗaya direban tirela ne, Tema zuwa Wagadugu, wani lokaci har Yamai. Shekara 38, mata ɗaya, yara huɗu. Hawan jini gare shi tun tuni amma irin mutanen nan ne da in kai ya sara sai a tsaya kemis a haɗiyi ƙwaya biyu a koma kan sitiyari. Farkon 2024 ƙafafunsa suka fara kumbura, amai da safe, abinci baya shiga, aka yi ta jiƙo da rubutu kusan wata biyu kafin aka kai shi asibitin Komfo Anokye, wanda mu nan Kumasi muke cewa Jii. Gwaji ya nuna ƙodojin duka biyu sun ajiye aiki. Sai wankin ƙoda, ƙa'ida sau uku a sati wajen awa huɗu-huɗu, mu kuwa sau biyu aljihu yake iyawa, wani satin ma ɗaya.

Duk wanda ke Ghana a 2023 ya tuna hayaniyar da aka yi da aka ce kuɗin wanki ɗaya a asibitin Korle Bu na Accra zai tashi daga sidi 380 zuwa 765. Daga Disamba 2024 aka fara yin wankin kyauta ƙarƙashin inshorar lafiya a cibiyoyin da aka amince da su, Alhamdulillahi hakan ya sauke mana kaya sosai, amma wanki ba waraka bane, mutum ne da a da yake ketare ƙasa uku a sati yanzu ko ruwa sai an auna masa a kofi, ga kuɗin allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje, ga yara huɗu a makaranta. Shi ya sa maganar dashe ta taso. Kuma a duk tsawon wannan zirga-zirga tamu Ghana bata da cikakkiyar dokar dashen sassan jiki, ba a ɗaukar ƙodar mamaci a saka wa mai rai kamar yadda ake yi a Ingila ko Saudiyya, in za a yi dashe to sai wani mai rai daga dangi ya kwanta an yanke shi.

Aka yi taron gida bayan la'asar wata Lahadi. Su huɗu ne a ɗakinsu. Babban yaya yana da ciwon suga, ya fita. Autansu jininsa B ne, mara lafiyan kuma O, shi kuma mai O ba ya karɓa sai daga mai O, shi ma ya fita. Saura ita, jininta O. Ina zaune a wurin a kan benci, Mma, wato mahaifiyarsu, ta ɗaga hannu sama tace "Allah na gode maka da ka bar mana ƙofa", baba ƙarami yace "ai ɗan'uwa rabin jiki ne", matar mara lafiyan ta fashe da kuka ta rungume ta tana sa mata albarka. Duk wannan ya faru kafin wani ya tambaye ta komai. Da aka gama sai kawu yace "ko kina da magana?", ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi tace "to".

Wallahi a ranar ni ma ban ga aibun abun ba. Sai yanzu da nake juya shi nake tambayar kaina, wace 'yar zango ce za ta ɗaga kai gaban uwarta da baffanninta da matar yayanta mai kuka tace a'a, ko ma tace a bani lokaci in yi tunani? Mun saba da cewa shirun budurwa yarda ce, to wannan maganar aure ce malamai suka kawo ta, mu sai muka ɗauko ta muka ɗora a kan ƙoda.

Daga nan aka ɗora mun aikin bincike, tunda ni ne mai turanci da kwamfuta. A nan nawa laifin ya fara.

Daren nan na rubuta a Google yadda ake dashen ƙoda da nawa ne kuɗinsa, abun da ya fara fitowa a sama duk tallace-tallace ne, asibitocin Indiya da Turkiyya da kamfanonin da ke kai mutane can, hotunan ɗakuna kamar otal, baƙar fata suna murmushi da furanni a hannu. Kowanne shafi yana da dogon bayani a kan mai karɓa, tikiti, masauki, mai ɗauko ka daga filin jirgi, har abincin halal. Shi kuwa mai bayarwa layi biyu ko uku ne: mutum na rayuwa lafiya lau da ƙoda ɗaya, ƙaramin yanka ne da na'ura, kwana kaɗan a sallame ka. Na cike wani ɗan fom na sa lambata, kafin in yi sallar asuba wani ejan ya same ni a WhatsApp, yana ce mun ɗan'uwa, har da sallama da insha Allah.

A gefe guda ita ma tana nata binciken a TikTok da Facebook ban sani ba, daga baya take nuna mun. Wani yana cewa duk wanda ya bada ƙoda ba ya wuce shekara goma, wata na cewa mace mai ƙoda ɗaya bata haihuwa har abada, wani mai maganin gargajiya yana rantsuwa kwalba uku nasa na tada ƙodar da ta mutu, sannan ƙarƙashin kowane bidiyo samari ne rututu suna rubuta lambobinsu wai suna da ƙoda ta sayarwa. Ni ina can ina karanta cewa ba komai, ita tana nan tana kallon cewa mutuwa ce, kuma ba wanda ya buɗe wa wani cikinsa.

Ejan ɗin ya turo takarda shafi 14 da turanci, yace mai bayarwa ta sa hannu a wuri uku in ɗauki hoto in turo tare da kafin alƙalami don a riƙe mana rana, yana ta nanata cewa gurbi na cika. Na buga takardar na kai mata shago. Ban manta ba, tana kan keke tana ɗinka wata atamfa ruwan ganye, allura a baki, ta cire tace "Ticha me aka rubuta?" Na duba shafukan sama-sama nace "bayanin aikin ne kawai, suna cewa kin yarda". Tace "zan haihu?" Nace "sun ce komai nomal". Ta karɓi biro ta sa hannu a wuri ukun, ta koma kan ɗinkinta. Duka-duka bai kai minti biyar ba. A shafi na tara akwai jerin abubuwan da ka iya faruwa, zubar jini, ƙwayar cuta a wurin yanka, gudan jini a huhu, a buɗe ciki gaba ɗaya in aikin na'ura ya ƙi, har da mutuwa, na gansu da idona amma ban fassara mata ba, na ce wa kaina kar in tsorata ta. Gaskiyar kuwa tsoro nake ta fasa in zama ni ne sanadi. Sayen kifi a ruwa na sa ta yi, kuma kifin nan jikinta ne.

Abun da ya cece mu ba wayona bane, rashin kuɗi ne. Kafin alƙalamin bai haɗu ba, sai wata nas a wurin wanki tace me zai hana mu gwada Accra tukuna, ai ana yi a gida. Haka ne kuwa, tun 2008 aka fara dashen ƙoda a Korle Bu da taimakon likitoci daga Birmingham ta Ingila, kuma a Yulin 2023 likitocin Ghana zalla suka yi da kansu. Muka samu ganin wani likitan ƙoda a Accra, muka hau bas ɗin VIP daga tashar Asafo da sassafe, ni da ita da Mma.

Muna shiga na ciro takarduna ina shirin tafinta, dokta ya gaishe mu ya saurari labarin, sannan yace ni da Mma mu jira a waje. Nace ai bata jin turanci sosai, ni zan fassara. Yace shi ya sa ma, ɗan gida ba ya yi wa mai bayarwa tafinta. Raina ya ɗan ɓaci ba zan ɓoye ba. Ya aika aka kira wata nas 'yar Nima mai jin Hausa, suka rufe ƙofa. Sun fi awa ɗaya. Mma na ta jan carbi tana tambayata ko lafiya.

Abun da aka yi a ɗakin sai bayan sati biyu ta bani labari, kuma shi ne dalilin wannan rubutun.

Tace tambayar farko da aka mata ita ce wa ya fara kawo sunanta. Ta biyu, ko an mata alkawarin wani abu, kuɗi ko keke ko kayan ɗaki. Sannan nas ɗin ta dafa ta tace "ƙanwata ki saurara da kyau, wannan aikin ke ba zai ƙara miki lafiya ko ƙwaya ɗaya ba, lafiyarki lau kika shigo, dan wani za a yanke ki, saboda haka kina da ikon fasawa ko da kin riga kin hau gadon tiyata matuƙar ba a sa ki barci ba, kuma in kika ce bakya so mu za mu fita mu ce wa mutanenki baki dace da bayarwa ba, shikenan, ba mai jin dalili daga bakinmu." Tace a nan ne kuka ya ƙwace mata. Ba wai dan bata son ba yayanta ba, tace, sai dan tun ranar Lahadin nan wannan ne karo na farko da wani ya nuna mata ɗakin yana da ƙofar fita.

Daga nan aka shiga bayani dalla-dalla, kuma kowanne aka faɗa sai an ce ta maimaita da bakinta yadda ta gane. Cewa ƙodar da ta rage tana ƙara girma ta ɗauki wani kaso na aikin, amma ba ta mayar da duka, mutum na zama da wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da yake da shi a da. Cewa sati huɗu zuwa shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ita da ke taka keke da ƙafa shago zai zauna a rufe, wa zai ciyar da ita? Cewa daga ranar ta yi sallama da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da muke sha kamar gyaɗa, da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, kuma duk shekara sai ta auna jini da fitsari da hawan jini har ƙarshen rayuwa. Cewa ƙodar ma in an saka wa yayanta jikinsa na iya ƙin ta, kuma zai sha magungunan hana ƙi kullum masu tsada, in ya tsaya ƙodar ta tafi a banza, sannan ko komai ya tafi daidai ƙodar mai rai galibi shekara 15 zuwa 20 take yi, ba ta har abada bace.

Da ta bani labari kunya ta sa na koma na tono da kaina, wannan karon na tsallake tallan na shiga inda masu bincike ke rubutu. Mutuwa a sanadin aikin kanta kaɗan ce ƙwarai, lissafin da aka daɗe ana faɗa a Amurka mutum 3 ne cikin 10,000, kuma wani bincike na 2024 ya nuna ta sauka ƙasa da 1 cikin 10,000. To mai cewa ba a wuce shekara goma ƙarya yake, mutumin farko da ya bada ƙoda aka dace, Ronald Herrick, a Boston ya ba tagwaininsa a Disamba 1954, kuma sai 2010 ya rasu. Amma "komai nomal" ɗin da na faɗa mata shi ma ba gaskiya bane. Wani bincike na Kanada da ya fito a 2015 ya samu cewa hawan jinin ciki, har da irin wanda ke kai wa ga jijjiga, ya kama kashi 11 cikin 100 na cikin matan da suka bada ƙoda, a kan kashi 5 na waɗanda basu bayar ba. Yawancinsu sun haihu lafiya, eh, amma ninki biyu ne, kuma yarinyar da ko ɗakin miji bata shiga ba tana da haƙƙin jin wannan kafin ta ɗauki biro.

Wanda ya fi tsaya mun a rai shi ne na launin fata. Binciken Amurka na 2014 ya nuna cikin shekara 15 bayan bayarwa, wajen mutum 31 cikin 10,000 ne tasu ƙodar ta gaza, amma a baƙar fata wajen 75 ne. Har yanzu bai kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ba ɗaya suke ba, kuma ɗaya daga dalilan wani ƙwayar gado ne da ake kira APOL1, wanda masana suka ce ya yaɗu a Afirka ta Yamma ne saboda yana kare mutum daga wani nau'in ciwon barci na ƙudan tsando, sai dai yana da nasa sharrin a kan ƙoda. A 2024 aka fitar da binciken da aka yi a nan Ghana da Najeriya a kan mutum sama da 8,000, masu ciwon ƙoda da masu lafiya a haɗe, kusan 30 cikin 100 suna ɗauke da kwafi biyu na irin mai haɗarin. Yawansa ya bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila, mu kuwa 'yan zango jininmu gauraye ne, kakarta ta wajen uwa ma ba Bahaushiya bace. Abun gado ne, in yayanta na da shi ita ma tana iya samu. A duk shafukan tallan nan da na karanta ba wanda ya ambaci wannan ko da wasa. Har shafukan kirki na Ingila da Amurka ma, da gaskiya suke faɗa amma wa mutanensu suke rubutawa, mai inshora, mai albashin hutun jinya, wanda in tasa ƙodar ta gaza za a sa shi a layin ƙodar mamaci. Ita tela ce a Aboabo. Da Hausa kuwa na nema na gaji, abun da na samu bai wuce labaran jarida da neman taimako ba.

Ejan ɗin dai bai haƙura ba, da ya ji shiru sai ya turo murya yana cewa in mai bayarwa ce matsala akwai yadda ake yi, ana iya samo wani a rubuta shi ɗan'uwa. Nan na toshe lambarsa. Ai kowa ya ga yadda ta kaya da Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, da suka kai wani saurayi ɗan shekara 21 mai talla a Legas zuwa Landan a matsayin ɗan'uwan 'yarsa dan a cire ƙodarsa a saka mata, likitan da ya zauna da yaron ya lura bai ma fahimci abun da aka kawo shi yi ba, aikin ya tsaya, a Mayun 2023 kotu ta ɗaure sanatan shekara 9 da wata 8. Da nake karanta labarin abun da ya kama ni ba ɗaurin bane, wancan zaman ne na likita da yaro, don irinsa ne aka kore ni daga ciki a Accra. Mu ba kuɗi a tsakaninmu ko sisi, amma rashin fahimtar iri ɗaya ne.

Da muka dawo ta ce wa gida tana son wata uku. Gida ya ɗau zafi. Matar yayan ta daina gaishe ta na wani lokaci, wata gwaggo tace miji ne ya zuga ta, alhali shi saurayin cewa ya yi duk abun da ta zaɓa, uwarsa ce dai ta aiko a ji ko maganar da suke ji gaskiya ce. Baba ƙarami ya ɗauko wani malami dan ya mata nasiha, sai abun ya juye masa, malam yace bayarwa halal ce kuma sadaka ce babba, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar da haka a Jidda tun 1988, amma da sharaɗin kar a sayar, kar ta halaka mai bayarwa, kuma da yardarsa, sannan ya juya wajen baba ƙarami yace "Alhaji abun da aka karɓa da kunya ba kyauta bane". Ba wanda ya ƙara magana.

Shi mara lafiyan kuwa, wanda duk aka manta a tambaye shi, ya kira ta ɗakinsa da daddare yace "in kin fasa wallahi ban riƙe ki ba, ni ban ma so aka kira sunanki gaban mutane ba".

A cikin wata ukun ta sayi ɗan littafi irin na 'yan makaranta, tana rubuta tambayoyi da Hausarta duk sanda suka faɗo mata, wasu tsakiyar awon kwastoma, shafi ɗaya kafaɗa da tsawon hannu ɗaya kuma "azumi fa?", "in na samu ciki wata nawa bayan aikin?", "wace ƙoda za a cire, hagu ko dama, me ya sa?", "in tawa ta lalace wa zai biya?", "gwajin gadon nan ana yi a nan, nawa ne?". Ta koma Accra sau biyu da littafin. Aka mata gwajin fitsari na awa 24, gwajin suga, hoton jijiyoyin ƙoda, gwajin haɗa jininta da nasa, da zama da mai duba lafiyar tunani. Ta zauna da saurayin da uwarsa ta musu bayani da kanta, aka ɗaga rana. Ta kuma sa aka rubuta a gida, gaban kawu, wa zai biya hayar shago da abincinta na wata biyu da kuɗin awonta na kowace shekara, wasu suka ce abun kunya ne, tace a rubuta dai.

Ta ce za ta bayar, in sauran sakamakon ya fito da kyau. In bai fito ba kuma shikenan. Takardar ejan mai shafi 14 tana nan a shagon, na ga ta yanka bayanta tana zana samfurin wuyan riga.

Ranar Talatar da ta wuce take da ganin dokta na ƙarshe kafin a tsaida magana. Na kira ta da daddare nace ƙarfe nawa za mu haɗu a Asafo, tace "Ticha ba sai ka raka ni ba, na san hanya, kuma nas ɗin tana nan."